PMI ta zamanin iyayenmu: me ake yi a cikinta, kuma ina ta shiga?

Tambaya: "Assalamu alaikum Hajiya. Ni 'yar Garwa ce, ina goyon ɗana na biyu. Duk ranar da zan kai shi rigakafi sai surukata ta ce mu ba mu ga komai ba, su a zamaninsu akwai PMI, duk wata ana auna yaro, a ba da madara da magani ba ko sisi, har gida ake biyo mace in ta yi fashi. Don Allah mece ce PMI ɗin nan, me ya sa babu ita yanzu, kuma da gaske ne ta fi abin da muke da shi?"

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raya miki su, ya ba ki ladan goyo. In na fahimce ki, so kike ki san ko wurin nan da surukarki ke yabo haka yake da gaske, me ya kawar da shi, kuma ko ku 'yan yanzu asara kuka yi. Surukarki ba ta ƙara gishiri ba, duk abin da ta lissafa an yi shi. Sai dai ita macen cikin gari ce da ta dace, kuma abin da tsararta suka fi tunawa, wato madara, shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin aikin. Ni ungozomar asibiti ce, na kama aiki a farkon shekarun 1980, lokacin duk arewacin Kamaru lardi ɗaya ne mai hedikwata a Garwa, kafin a raba shi uku a 1983. Abin da ya gabaci haka daga bakin manyan da suka horar da mu na karɓe shi, sauran kuwa da hannuna na yi, a cikin gari da ƙauyukan da ke kewaye da gari.

Daga ina ta zo

Cikakken sunanta Protection Maternelle et Infantile, sashen kula da uwa da ƙaramin yaro. Faransa ta kafa wa kanta ita ranar 2 ga Nuwamba 1945, bayan yaƙin duniya na biyu ya bar ta da yawan mutuwar jarirai, daga baya tsarin ya biyo ta ƙasashen da take mulka. Shi ya sa in kin je Nijar ko Chadi za ki ji tsofaffi suna ambaton wannan sunan.

Kafin nan, aikin lafiya na Turawan mulki bai damu da uwa da ɗa ba, annoba ce a gabansa. Likita Eugène Jamot, wanda ya yaƙi ciwon barci daga garin Ayos na kudancin Kamaru a shekarun 1920, shi ya kafa salon ayarin ma'aikata masu bin gari-gari. Da salon ya iso arewa, sai ya bi ta hannun sarakuna: a aika wa lamiɗo, lamiɗo ya aika wa lawan da jauro, a tara jama'a a layi, a duba kowa ko yana so ko ba ya so. Lambar agana da ke damtsen tsofaffinmu daga irin wannan ayarin ta fito, har zuwa babban gangamin da aka fara a 1967 da bindigar allura. An yi nasara, a 1980 aka shelanta cewa agana ta ƙare a duniya. Amma abin ya bar wa mutane tunanin cewa likita hukuma ce, ba a zuwa wurinta sai da kira, ko in ciwo ya ci ƙarfin mutum. PMI kuwa cewa ta yi ki kawo yaronki lafiyarsa ƙalau, da ƙafarki, kowane wata. An daɗe kafin mata su gane amfanin haka, balle mazan da matansu ke kulle.

Likitoci ba su da yawa. A 1969 aka buɗe makarantar likitanci ta Yawunde, 'yan farinta sai a 1975 suka fito. Don haka PMI a hannun ungozomomin asibiti da ma'aikatan jinya da mataimakansu take. Asibitocin mishan ma sun ɗauki kaso mai yawa, irin na 'yan Norwe a Ngaundere, da na Tokombere. Tokombere ma ta yi suna wajen kai awon yara har cikin ƙauyukan duwatsu.

Yadda ranar awo take

Tun da sassafe mata ke cika benci a gindin darbejiya, don kafin hantsi ya dube ludayi rana ta fara cizo. Ba a taɓa yaro ko ɗaya sai an yi faɗakarwa. Yawanci da Fulatanci ake yi, tunda shi kowa ke ji, in mun ga Hausawa sun yi yawa a juya harshe. Yau a yi maganar gudawa, wani makon a yi ta yaye, wani ta ƙyanda. Bayan nan a rataye sikeli a reshe ko a jikin azara, a zura yaro cikin wani ɗan wando mai igiya, ya yi ta tsala ihu, a karanta nauyinsa, a ɗiga a karne, wato katin lafiyar yaro.

Ɗigon nan shi ne PMI. Taswirar da ke cikin karnen ta samo asali ne daga aikin wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, a ƙauyen Imesi-Ile na Najeriya, a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960. Hikimarta ita ce ba nauyin yau ake kallo ba, inda layin ya dosa ake kallo. Yaro ƙarami wanda layinsa ke hawa lafiya lau yake. Yaro ɓulɓul wanda layinsa ya kwanta wata biyu a jere yana cikin haɗari, ko da uwarsa da kakarsa ba su ga komai ba tukuna, domin ido ba ya ganin tamowa sai ta yi nisa. Kamar ɗanɗana miya ne tun tana kan wuta, lokacin da gyara ke yiwuwa.

In layi ya kwanta, ba magani muke fara nema ba, tambaya muke yi, kuma a gefe, ba a gaban mata ba. Kin yaye shi ne? Ko an samu ƙaruwa? Ya yi ƙyanda ko gudawa? Wa ke ba shi abinci in kin tafi aiki? Mai gida yana gari? Sau da yawa amsar tana wurin yaye. Mace ta ga ta yi ciki, an gaya mata nonon mai ciki yana lalata yaro, sai a shafa wa nono abu mai ɗaci, a kai yaro gidan kaka rana ɗaya, a bar shi da tsinkakken kunu da loma daga kwanon manya. In wannan ya haɗu da tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa ga zazzaɓi ya kankama, to a watan Satumba ko Oktoba za a kawo shi ƙafa a kumbure, gashi ya yi ja. Wanda ke ganin yaro duk wata yana iya tare wannan tun a watan Yuli.

Shi ya sa a ganina abin da ya fi komai daraja a farfajiyar nan murhu ne. Muna da ranar dama kunu, kowace mace ta zo da ɗan abin da ke gidanta: garin gero ko na masakwa, ƙullin gyaɗa, garin wake, busasshen kifi, wanda ya yawaita a kasuwar Garwa bayan an gama madatsar Lagdo a 1982. A dama a gabansu da kauri, a zuba ɗan mai, a ba yara a nan take. Uwar da ta rantse ɗanta ba ya cin komai sai ta ga ya shanye kofi. Matsalar kunun gida ba ƙaranci ba ce, ruwa ne ya yi masa yawa, cikin yaro ya cika bai samu abin kirki ba. A nan kuma aka koya wa mata ruwan gishiri da sukari, musamman bayan 1982 da UNICEF a ƙarƙashin James Grant ta sa shi gaba tare da awo da shayarwa da rigakafi. Haɗin da ake koyarwa yau shi ne lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Awon ciki ranarsa daban. Kayan aikinmu tef ne na gwada tsawon ciki, da ɗan ƙaho da ake kafawa a ji bugun zuciyar jariri, da abin awon jini. Mu buɗe fatar ido mu ga ko jini ya yi ƙasa, mu danna ƙafa mu ga kumburi, mu gasa fitsari a kwalbar gwaji, in ya yi gajimare mu san jijjiga na iya biyowa. A ba da ƙwayar ƙarin jini, da Nivaquine ta mako-mako don kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da allurar sarƙe-haƙora. Yarinya ƙarama mai cikin fari, gajera, ita muke ja wa jan layi a karne mu ce lallai a asibiti za ta haihu. A nan ake fama, domin al'ada ta ce gidan iyayenta za ta koma, kuma kunya ta hana ta faɗin naƙuda ta fara. Yawancin masu yoyon fitsari da na gani daga wannan hanyar suka fito.

Rigakafi ya zo da ƙarfinsa ne bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da babban shirinta a 1974. Kamaru ta fara gwaji a 1976, ya game ƙasa a 1982. Cututtuka 6 ne kawai: tarin fuka, mashaƙo, sarƙe-haƙora, tarin shiƙa, shan inna, da ƙyanda. Firjin kananzir muke da shi, in lagwani ya mutu cikin dare a watan Afrilu, to allurar da ke ciki sai dai a zubar. Sirinjin gilashi ne, a dafa a sake amfani da shi. Kwalbar allurar ƙyanda kuma ta yara da yawa ce, in an buɗe ba ta kwana, saboda haka a wurare da dama in yara ba su taru ba sai a ce wa mace ta dawo wani mako. Wadda ta taka daga bayan gari da goyo a baya ba lallai ta dawo ba. Wannan ba ya cikin labarin da ake ba ku.

Bin gida da surukarki ta faɗa gaskiya ne. Akwai babban littafi mai sunan yaro da na ubansa da unguwarsu, in yaron da layinsa ya kwanta bai zo ba, da yamma a tura mataimakiya, ko mu je da kanmu. A cikin gidajen ne ake ainihin ciniki da kakanni da ungozomar unguwa da wanzami. Ba mu taɓa cin nasara da faɗa ba. Wankan jego ba mu ce a bari ba, mun ce a rage zafin ruwan, a rage kanwa a kunu, domin likitocin Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gadon wuta suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Cibiya mun ce a yanka da sabuwar reza, kada a shafa mata komai. Dakashi mun roƙi a bar jariri ya sha maimakon a matse a zubar. Cire belu ne ya fi gagararmu, har yau ma bai ƙare ba.

Maganar madara

Madarar gari da man girki da garin masara mai haɗe da waken soya kayan agaji ne daga ƙasashen waje, sun fi yawa a shekarun fari, wajen 1973 zuwa 1974 da kuma 1984 zuwa 1985. Sun ceci yara a lokacin yunwa, ba na musu. Amma a sauran lokuta ƙugiya ce ta jawo mata zuwa awo, kuma ƙugiyar tana da illa. Wata ta dama madarar da ruwan rijiya a kwalbar da ba a dafa ba, yaro ya kama gudawa. Wata ta ɗauka ta fi nononta tunda daga Turai ta zo. Wani gidan mai gida ne ke shan shayi da ita, wani kuma a kasuwa take ƙarewa. Ranar da sito ya wayi gari babu komai, sai benci ya yi fili, a bar mu da sikeli. A 1981 aka amince da dokar duniya ta taƙaita tallar madarar jarirai, daga baya shawara ta tsaya a kan nono zalla har wata 6. Don haka in ba a ba ki madara a wurin awo ba, ba rowa aka yi miki ba.

Abin da ya ci ta

Ba wanda ya tashi rana ɗaya ya rufe PMI. Haɗiye ta aka yi, kuma dalilin da aka bayar mai kyau ne. A tsohon tsari PMI ta masu lafiya ce: in yaro ba shi da lafiya a tura ki wani wurin, awon cikinki wata ranar, haihuwa kuma wani ginin. Ga shi kuma a cikin gari take, macen da ke ƙauye mai nisa sai dai ta ji labari. Taron lafiya na duniya da aka yi a Alma-Ata a 1978 ya ce a kai lafiya kusa da kowa, aka horar da ma'aikatan ƙauye da ungozomomin gargajiya aka ba su akwatin kaya, amma da yake ba albashi ba mai bibiya, yawancinsu suka watse.

Sai tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, farashin man fetur da auduga da koko ya faɗi. Kyautar ta zama ta baka: shiga kyauta ne, amma kanta babu ko ƙwaya, sai a rubuta miki takarda ki tafi kantin magani. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa a riƙa sayar da magani mai sauƙin kuɗi a cibiyoyi, kuɗin ya riƙa juyawa, jama'ar wurin su sa ido. Kamaru ta bi wannan hanyar, a shekarun 1990 aka yanka ƙasa gunduma-gundumar lafiya, kowace da cibiyoyin da ke haɗa komai wuri ɗaya: jinya, awo, rigakafi, haihuwa. Tsoffin gine-ginen PMI da dama cibiyoyi suka zama, shi ya sa har yanzu za ki ce wa mai babur ya kai ki PMI ya kai ki.

Inda aka yi asara a nan ne. A 1993 aka zabtare albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu, a watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ɗaukar sababbin ma'aikata ya tsaya. Cibiya ta koma rayuwa da abin da ta samu daga duba marasa lafiya da sayar da magani. Auna yaro mai lafiya ba ya kawo ko dala, dama kunu ba ya kawowa, bin gida kuwa ci yake. Ma'aikaci ɗaya da ke da marasa lafiya a layi, da mai naƙuda a ɗaki, da rahoton wata a kan tebur, ba sai an gaya miki abin da zai fara ajiyewa ba. Sikeli bai ɓace ba, amma ya koma abin da ake ɗora yaro a kai ranar allura, a rubuta lamba, ba ɗigo, ba tambaya. Da an yi allurar wata 9 kuma uwa ta ɗauka ta gama, alhali daga nan zuwa shekara 2 ne tamowa ta fi kamu.

To, wanne ya fi?

In magani da kayan aiki ake magana, naku ya fi nesa ba kusa ba. A farkon shekarun 1980, cikin yara 1,000 da aka haifa a Kamaru fiye da 150 ba sa kai shekara 5. Binciken ƙasa na 2004 ya samu 144, na 2011 ya samu 122, na 2018 ya samu 80, kodayake arewa kullum tana sama da matsakaicin ƙasa. Ki lura da yadda adadin ya daɗe bai motsa ba, a shekarun 1990 ma komawa baya aka yi, kuma wannan lokacin ne ya sa tsarar surukarki ke ganin an lalata abu mai kyau. Suna da hujja.

Amma ɗanki yana samun allurar da mijinki bai samu ba: ta ciwon hanta, ta ciwon huhu, ta gudawar rota, ta shawara, kuma a watan Janairu 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa allurar zazzaɓin cizon sauro cikin rigakafin yau da kullum, an fara da wasu gundumomi. Sirinji sau ɗaya ake amfani da shi a yar. Nivaquine da muka dogara da ita ta daina aiki, an sauya ta da magani mai ƙarfi, kuma tun 2011 maganin zazzaɓi mara tsanani kyauta ne ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5 a cibiyoyin gwamnati, ko da yake wani lokacin a tarar ya yanke. Tun 2016 ana bin gida-gida da damina a jihar Arewa da Arewa Mai Nisa ana ba yara maganin kariya daga zazzaɓi. Yaro mai tamowa yana da abincin gyaɗa na leda da ake jinyarsa da shi a gida, mu a lokacinmu sai kwanciya asibiti. Mai ciki kuma an kawo mata cakin lafiya na sefa 6,000 a jihohin arewa, mai ɗaukar awo da haihuwa har da tiyata.

Abin da babu shi ne mutumin da ya san ɗanki da sunansa, yana ganinsa duk wata lafiyarsa ƙalau, yana lura in ya tsaya. Wannan kuwa kina iya ƙwato rabinsa da kanki. Duk zuwan da kika yi, ki ce a auna shi a ɗiga a taswirar da ke karnensa, ba a rubuta lamba kawai ba, kuma ki sa a nuna miki inda layin ya dosa. Kada ki tsaya a wata 9: ki ci gaba da kai shi awo har ya cika shekara 2, ki tambayi alluran da suka rage, don akwai na bayan wata 9. Daga wata 6 a riƙa gwada damtsensa da tef ɗin nan mai kore da ɗorawa da ja, ja yana farawa ne ƙasa da santimita 11.5. In kika samu ciki kina goyo, kada ki yaye shi rana ɗaya, nonon mai ciki ba ya cutar da yaro, ki ƙara masa abinci mai kauri ki janye a hankali.

Daga nesa ba na iya yanke hukunci a kan yaron da ban ɗauka a hannu ba, sai wanda ya gan shi. In awo biyu a jere nauyinsa bai ƙaru ba, ki nemi a zauna da ke a bincika dalili. In kuwa ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko ya ƙi nono, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko numfashinsa na sauri haƙarƙari na lotsawa, ko ya yi jijjiga, kada ki jira ranar awo, ki kai shi a ranar ko da dare ne.